Ibada Da Zuciya Ɗaya Da Amanar Shugabanci: Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Kafin in shiga cikin maganata ta yau, ina roƙon magabatanmu na ikilisiya, fastoci da dattawa, su yi mini haƙuri, domin abin da zan faɗa ba lalle ne ya yi wa kowa daɗi ba. Haka kuma ƴan'uwanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan masu karanta wannan shafi, kada su ɗauka zancen bai shafe su ba, domin kalmar amana dai babu gidan da ba a san ta ba, kuma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a wani ƙauye na jahar Maraɗi, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Na je can da kaka, ranar da ikilisiya take bikin godiya. Kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa, wani damin hatsi, wani buhun wake, wani gyaɗa, wani kaza. A cikin masu kawowa har da wata tsohuwa gwauruwa, wadda ta zo da tiya biyu ta gero a ƙwarya, tana rawa tana guɗa, duk da kowa ya san gonarta ba ta fi a ƙetare ta da taki kaɗan ba. Aka tara kayan a rumbun ikilisiya, aka sanar cewa za a ajiye su don taimakon mabukata idan hatsi ya yi tsada.

Da damina ta faɗi na koma garin, ranar Lahadi ban ga tsohuwar nan a sujada ba. Da aka tashi na biya gidanta na ce, "Inna, lafiya ban gan ki ba? Ko ƙafa ce ta motsa?" Sai ta ce, "Ɗana, ƙafata lau take. An buɗe rumbu an kai hatsin kasuwa, ba a gaya wa kowa nawa aka sayar ba, ba a kuma faɗi inda kuɗin suka shiga ba. Da na tambaya sai aka ce mini wannan ba maganar mata ba ce. Yanzu in na shiga ɗakin sujada, bakina yana waƙa, zuciyata tana bakin rumbu. To gara in zauna gida da in yi wa Allah ƙarya."

Jama'a, wannan magana ta hana ni barci. Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ta faɗi abin da nake so in tsaya a kansa yau, wato ibada da zuciya ɗaya da shugabanci na tsoron Allah igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Inda shugaba ya raba zuciyarsa tsakanin Allah da aljihunsa, to ba shi kaɗai zai lalace ba, har zukatan mabiyansa zai raba.

Mece ce ma ibada da zuciya ɗaya? A yau da yawa daga cikinmu mun mayar da ma'auninta ƙarfin lasifika, da yawan kwanakin azumi, da addu'ar dare har asuba, da ɗinkin anko na zumuntar mata, da yawan gumin da mawaƙa suka yi. Ban ce waɗannan abubuwa laifi ba ne, ni ma ina son kiɗa da waƙa a sujada. Amma duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda muke da shi cikakke da harshen Hausa tun 1932, zai ga ba da wannan mudu ake awo ba.

Mu dubi Kalibu, wanda labarinsa yake cikin Littafin Ƙidaya sura 13 da 14. Mutum 12 Musa ya aika leƙen asirin ƙasar Kan'ana, suka yi kwana 40, goma suka dawo suka karya wa jama'a gwiwa, Kalibu da Joshuwa kaɗai suka tsaya a kan gaskiya, har jama'a suka yi shirin jifansu. Kalibu yana da shekara 40 a lokacin. Sai da ya kai 85 sannan ya karɓi rabonsa na Hebron, kamar yadda sura 14 ta littafin Joshuwa ta nuna. Shekara 45 yana jira, bai canza baki ba, bai kuma kafa tasa ƙungiya don an ƙi jin maganarsa ba. Wannan shi ne mutumin da aka shaida cewa ya bi Allah ba tare da ya rage komai ba, kuma ba a ba mu labarin ƙarfin muryarsa wajen waƙa ba.

Sai mu dubi sarki Amaziya a Tarihi na Biyu sura 25. Shi ma an shaide shi da aikata daidai, amma aka ƙara da cewa zuciyarsa ba ta cika a kan abin ba. Ya yi hayar sojoji 100,000 daga Isra'ila a kan talanti 100 na azurfa. Da mutumin Allah ya ce masa ya sallame su, abin da ya fara tambaya shi ne makomar kuɗin da ya riga ya biya. Ya sallame su ɗin, ya ci Edom da yaƙi, amma ya kwaso gumakan mutanen da ya ci, ya kafa su yana yi musu sujada. Ƙarshensa an bi shi har Lakish an kashe shi. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu, kuma Amaziya ya gwada ya gani.

To idan haka ibada take, yaya shugabanci na tsoron Allah yake? A nan ma ba a bar mu cikin duhu ba, kuma abin mamaki shi ne yawancin misalan da aka ba mu a kan kuɗi da hatsi da gona suke, ba a kan iya wa'azi ba.

Nehemiya ya yi gwamnan Yahuza shekara 12 a zamanin sarki Artashate na Farisa. A sura 5 ta littafinsa an yi yunwa, talakawa suna jinginar da gonaki don su sami hatsi, wasu har ƴaƴansu sun shiga bauta saboda bashi. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, lokacin da magidanta suka sayar da bisashe da araha, suka ci bashin hatsi da za su biya ninki da kaka, ba ya bukatar a fassara masa wannan sura. Me Nehemiya ya yi? Ya tara manya a bainar jama'a ya sa suka mayar da gonakin mutane. Shi kansa ya ƙi karɓar abincin da doka ta ba gwamna a duk tsawon shekarun nan, bai sayi gona ko ɗaya ba, ga shi kuma mutum 150 suna ci a teburinsa. Da ya karɓa babu wanda zai ce ya yi sata, domin haƙƙinsa ne. Ya bari ne don ya ga nauyin ya yi wa jama'a yawa.

Annabi Sama'ila kuwa, da zai sauka daga shugabanci, ya tsaya gaban dukan Isra'ila ya nemi duk wanda ya san ya ƙwace masa sa ko jaki, ko ya karɓi hanci a hannunsa, ya fito ya faɗa. Babu wanda ya fito. Ina tambaya, shugabanni nawa ne a cikinmu yau za su iya tsayawa ranar Lahadi su yi wannan kira, su kuma jira amsa ba tare da gabansu ya faɗi ba? Amma a cikin labarin Sama'ila akwai wani darasi mai ɗaci. Ya naɗa ƴaƴansa Yowel da Abaija alƙalai a Biyer-sheba, albasa kuwa ba ta yi halin ruwa ba, suka shiga karɓar rashawa, abin da ya sa jama'a suka nemi a naɗa musu sarki. Wannan ya isa gargaɗi ga masu ɗaukar ikilisiya kamar gonar gado, uba ya tashi ɗa ya hau, ko ɗan ya cancanta ko bai cancanta ba.

Misalin da ya fi kusa da rumbun tsohuwar nan shi ne na sarki Yowash a Sarakuna na Biyu sura 12. An bar wa firistoci kuɗin gyaran Haikali a hannunsu, har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara komai ba. Ba a tsaya zage-zage ba, sai aka canza tsari. Firist Yehoyada ya samo akwati ya huda murfinsa, aka ajiye shi kusa da bagade. In kuɗi sun taru, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, su ɗaure, a miƙa wa masu kula da aiki. Nan da nan gyara ya kankama. Na san wani zai ce ai a wannan sura an ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba saboda amincinsu. Gaskiya ne, amma a lura, wannan yarda ta zo ne bayan an fitar da ƙirgar kuɗi fili, kuma kowa yana ganin katako da duwatsu suna hawa. Yarda ba a karɓarta da tsawa, aiki ne yake jawo ta.

Haka abin yake a Sabon Alkawari. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce wannan ba maganar mata ba ce, ba su kuma ce masu ƙorafi ƴan tawaye ne ba. Sun tara jama'a suka ce su zaɓi mutum bakwai da kansu, aka danƙa musu aikin. Manzo Bulus ma, da zai kai gudummawar ikilisiyoyi Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa sura 8 ya bayyana cewa akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa don rakiyar kuɗin, domin kada a sami abin zargi. Idan Bulus bai ga ƙasƙanci a cikin wannan ba, wane ne ni, wane ne kai? Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Yanzu bari in dawo gida. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba mu da yawan da za mu yi tinƙaho da shi, ba mu da dukiya. Jarin da muke da shi a idon maƙwabtanmu shi ne shaidar kirki, kuma ba mu muka fara tara shi ba. Tun da ƴan mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, abin da ya sa aka saurare su ba daɗin baki ba ne. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 har yau yana karɓar marasa lafiya daga ko'ina, har daga ƙetaren iyaka, ba a tambayar addinin mutum a bakin ƙofa. A Danja an wanke gyambon kutare a lokacin da danginsu ma suke gudunsu. A shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoman Maraɗi a kan sassabin zamani, wato a bar tohon kututture, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a datse sauran, aikin da ya mayar da itatuwa a gonaki masu ɗimbin yawa a kudancin ƙasar nan. Ƴan mishan suna da nasu kurakurai, dattawanmu sun san su, amma waɗannan ayyuka ibada ce da aka yi da hannu, kuma su ne suka sa ake cewa mutanen nan ba su cin amana.

Mun kuma ga ranar da aka gwada mu. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, a Damagaram da Yamai, an ƙone majami'u fiye da 40, mutum 10 suka rasa rayukansu, sanadiyyar zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, wanda babu hannun Kiristan Nijar a ciki. A makonnin da suka biyo baya mutane sun yi sujada a ƙarƙashin rumfuna da cikin gine-ginen da suka yi baƙi da hayaƙi, babu lasifika, babu kujeru. Shugabanni sun fito sun yi kiran yafiya maimakon ramuwa, kuma ba za mu manta da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu ba. Waɗanda suka halarci sujadar waɗannan kwanaki za su gaya maka ba su taɓa jin zuciyarsu ta haɗu wuri ɗaya kamar lokacin ba. Abin tambaya shi ne, sai an ƙone mana gini ne za mu iya bauta wa Allah da zuciya ɗaya? Kuma da taimakon sake gini ya fara shigowa, ikilisiyoyi nawa ne suka karanta wa membobinsu lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita?

Na san abin da za a ce mini. Na farko, za a ce mu ƴan tsiraru ne, bai kamata mu tona asirin kanmu a jarida ba. Amsata ita ce asirin ya riga ya tonu. A gari ƙarami, ranar da aka kai hatsin ikilisiya kasuwa, mai awo ya sani, mai amalanke ya sani, mai shayi ya sani. Mu kaɗai ne muke yi kamar ba mu sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma shiru ba ya liƙe bango. Dattawanmu suna tune da rabuwar da ta auku a cikin ikilisiyar da ta fito daga aikin mishan wajen ƙarshen shekarun 1980, da yadda ƴan uwa ɗaya uba ɗaya suka koma sujada a wurare dabam-dabam. Ban zo in ɗora wa kowa laifin wannan ba, amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na biyu, za a kawo mini labarin Dawuda da ya ƙi taɓa sarki Saul saboda shafaffe ne. To ai ƙin kashe mutum daban, ƙin gaya masa gaskiya daban. Dawudan nan da kansa, da ya hau sarauta ya ci amanar Uriya, annabi Natan ya shiga har fada ya gaya masa laifinsa, bai kuma sa an kama Natan ba, tuba ya yi. Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya, ikilisiya ba ta rushe ba.

Na uku, kuma wannan ita ce hujja mafi nauyi, za a ce yawancin fastocinmu talakawa ne. Wannan gaskiya ce, kuma zalunci ne a yi maganar shugabanni kamar dukansu a kat-kat suke yawo. Na san masu bishara a ƙauyuka waɗanda baikon Lahadi a wurinsu ba ya kai jika biyu, suna noma da hannunsu, matansu suna soya ƙosai, su ne kuma ake tasa da tsakar dare in yaro ya kamu da zazzaɓi. Da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023 kaya suka yi tsada, da ambaliyar 2024 ta rusa gidaje, tare da jama'arsu suka sha wuya. A nan laifin namu ne mu mabiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna son fasto mai tsarki kamar mala'ika, amma mu bar shi wata uku babu albashi, makullin rumbu kuma yana hannunsa shi kaɗai. Wanda ya yi haka ya haƙa wa bawan Allah rami ne. Sannan mu ne muke tafa wa mai alkawarin arzikin dare ɗaya, mu bar mai gaya mana gaskiya yana wa'azi ga benci. Mu ne kuma muke zaɓen dattijon ikilisiya don kuɗinsa ko don ɗan garinmu ne, alhali sharuɗan da aka shimfiɗa a wasiƙa ta fari zuwa ga Timoti sura 3 da wasiƙar Titus kusan dukansu a kan hali suke, da riƙon iyali, da rashin son kuɗi, har da samun kyakkyawar shaida daga waɗanda ba ƴan ikilisiya ba.

Don haka ga ƴan shawarwarina, kuma babu wadda take bukatar taimako daga waje. A riƙa ƙirga baiko da zakka a gaban mutum biyu ko uku waɗanda ba dangin juna ba, a rubuta a littafi su sa hannu kafin kowa ya fita. Ma'aji ya karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata, da Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci, ba da Faransancin da rabin masu sujada ba su ji ba. Rumbun ikilisiya ya zama da makulli biyu, ɗaya a hannun zumuntar mata, tun da su ne suka fi zubawa a ciki, su ne kuma suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Takardun fili da na gini su kasance da sunan ikilisiya, ba da sunan mutum ba. Kowane muƙami ya zama da wa'adi, in ya cika a yi zaɓe, mai sauka ya miƙa littattafai a fili kamar yadda Sama'ila ya yi. Ikilisiyoyin birni su ɗauki nauyin wani kaso na albashin fastocin ƙauye, domin ba daidai ba ne a sa tayil a Yamai alhali mai bishara a daji yana cin bashin tiya. Daga ƙarshe, wanda ya yi tambaya cikin ladabi a amsa masa cikin ladabi, mace ce ko namiji, yaro ne ko babba.

Ban ce littafin lissafi zai ba mutum sabuwar zuciya ba, wannan aikin Allah ne. Ɓarawo yana iya sata ko da makulli goma ne. Amma tsari mai kyau yana kare mai gaskiya daga zargi, yana kare mai rauni daga jaraba, yana kuma sauke wa mai sujada nauyin zato, ya sami sukunin fuskantar Mahaliccinsa. Yesu Almasihu, a daren da za a bashe shi, ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bara ne yake yi a gida. Shugaban da Ubangijinsa ya durƙusa haka, me zai rage masa don ya tsaya ya gaya wa gwauruwa inda tiyarta biyu ta shiga?

Labari ya zo mini cewa wasu dattawa sun je gidan tsohuwar nan sun ba ta haƙuri, amma har yanzu ba a karanta lissafin hatsin ba. Kaka kuwa tana tafe, za a sake kiran bikin godiya. Ina fata kafin ranar a tara jama'a a faɗi gaskiya, ko da mai ɗaci ce, in akwai abin biya a biya, domin Inna ta sake ɗauko ƙwaryarta ta zo da zuciyarta duka.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya sa mu ma mu zama mabiyan da suka cancance su. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.